AWAKIN ARO

Shafi na 17

Masu cewa na yi jinkiri, na ji, na kuma karɓi laifina. Masu yi wa Basiru ruwan zagi kuma ku ɗan rage, ku bar na yau.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba Yaya Tani ta yi sallama gidan ƙanwarta Aina'u, kamar yadda ta saba duk ranar matsar mai. Ta rataye mayafinta a igiyar shanya, ta ɗaure zani tamau, ta leƙa turmin da aka juye niƙaƙƙiyar gyaɗa.

"Auta, wa ya soya gyaɗar nan?"

"Ni ce, Yaya."

"Ai na gani. Kin bari ta sha wuta, ƙulin yau zai yi duhu."

Aina'u ta yi murmushin yaƙe. Wata tara ke nan da ta fara sana'ar, tun da kuɗin tallafi suka fara shigo mata ta waya, amma har gobe in ba hannun Tani ne ya taɓa gyaɗar ba, man ba ya fita yadda ya kamata. Duk Ɗorawar Sabo an san haka. Jari na Aina'u ne, suna ma nata ne, hannun kuwa na Tani ne, yayar da ta goye ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Abin da Tani take komawa gida da shi kuma ɗan kuɗin cefane ne da kwanon tunkuza.

Tani ta kama taɓarya ta shiga juya gyaɗar, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan.

"Yau da wuri zan tafi. Bayan azahar Alhaji Mudassir zai zo daga Dawanau da shaidunsa."

"Shaidun me?"

"Gonar mana."

Ludayin da ke hannun Aina'u ya faɗa cikin ruwan zafi.

"Gonar marigayi mijinki za ki sayar, Yaya?"

"To me zan yi da ita? Ba ni da akuya balle in samu taki. Bara abin da na noma ko Sallah bai kai mu ba. Ga ɗaki ya zube, ga damina ta kawo kai. Gara in sayar in gyara ɗakin, ragowar in yi jari kamar kowa."

"Ita kaɗai ce fa ta rage wa yaran."

"Na sani."

Ta ce "na sani" ɗin ba tare da ta ɗago ba. Gonar ba wata babba ba ce, kana wannan kai za ka yi hira da na wancan kan ba ka ɗaga murya ba. Amma a ƙasar nan da gona ke manne da gona, wanda ya saki tasa ya sake ta ke nan, jikansa ma ba zai ga irinta ba.

"Kowa ya motsa sai ni," in ji Tani. "Hauwa'u ta sayi tumaki. Khamisu ya kama fili a Watari yana tumatir. Ke ga ki nan, har Dawanau ake kai manki. Ban yi baƙin ciki ba, Allah ne bai sa da rabona ba."

Sai ta yi 'yar dariya.

"Amma ni ko ban samu komai ba, ban ji kunyar baƙi ba. Wallahi Auta, ban manta ranar da kika rufa min asiri ba. Har a sujjada ina saka ki."

Da Tani ta ɗauki taɓaryar nan ta kwaɗa mata, da ya fi wa Aina'u sauƙi.

Ranar da Tani ke nufi ita ce ranar da masu tallafi suka zo rajista. Tun da sassafe Basiru, mijin Aina'u, ya shigo yana cewa baƙi za su zo daga birni, gida-gida za su shiga, har hoto za su ɗauka. Ya ce ai bai kamata a ga gidan Yaya haka fayau ba, a ɗauke ta hoto a kan yagaggiyar tabarma a kai birni. Aina'u ta ji daɗin maganar har ta yi masa addu'a. Da hannunta ta kwance awakinta uku, ta naɗe jar katifarta, ta jera kwanukan aurenta a kwando, aka haɗa da buhun gero ɗaya tilo da suke da shi, duk aka kai gidan Tani.

Baƙi suka zo. Gidan Tani suka tarar da shi tsaf, gidan Aina'u kuwa kamar an yi sata.

Sunan Aina'u ya fito. Na Tani bai fito ba.

A ranar dai Aina'u ba ta san komai ba, wannan kam Allah shaida ne. Sai ranar da alat na farko ya shigo, Basiru ya kasa riƙe bakinsa saboda murna. Yana dariya ya ce tun ana gobe za a zo ya ji a majalisar mai unguwa abin da baƙin suke ƙirgawa: dabbobi, shimfiɗa, hatsi. Ta yi kuka a ranar. Washegari kuma ta aika aka sayo mata gyaɗa buhu guda. Nan ne laifinta yake, kuma ta sani.

*

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Basiru ya shigo da saurinsa, ya gaida Tani har da rusunawa, sannan ya juyo ga Aina'u.

"Maza ki share tsakar gida. Mutanen tallafi sun dawo, suna ƙofar mai unguwa. Ke za su fara shigo wa, an ce musu ke kika fi kowa yin abin kirki da kuɗin."

"Malam, zo ka ji."

Ta shige ɗaki, ya bi ta. Ta saki labule.

"Yaya gona za ta sayar yau."

"Na ji a gari. Allah ya sa alheri."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"To me kike so in ce? Ni na rushe mata ɗaki?"

"Ka san abin da ka rushe."

Ya waiga wajen labulen, ya rage murya.

"Aina'u, ki kiyaye ni. Na gaya miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Wata tara ina haɗiye maganar nan. Ko ƙulin nan na sa a baki ɗaci yake min."

"Ɗaci? Kwanon rufin da ke saman kanki ɗaci ne? Takalmin makarantar Sadiya ɗaci ne? Wa muka yi wa sata? Mu ɗin masu kuɗi ne da? Buhu ɗaya gare mu, Aina'u, buhu ɗaya! Da sun ga awakin nan, da yanzu ni ina dako a Dawanau, ke kina surfen mutane."

"Da Yaya ta samu."

"Da ita ta samu, mu mun rasa. Haka duniya take."

"An ce suna sake rubuta waɗanda aka tsallake bisa kuskure. Zan gaya musu."

Basiru ya dube ta. Mutumin nan in ya rasa gaskiya ba ya rasa dabara, shi ya sa ko a ciniki ba a cin galabarsa.

"To je ki gaya musu," ya ce a hankali. "Amma ki san me za ki ce. Za ki tsaya gaban baƙi ki ce yayarki ba ta da ko katifa. Ki ce kwanon da ta zuba musu ruwa na aro ne. Kafin magariba duk garin nan an ji. Matar da ta gwammace ta kwana da yunwa da ta roƙi gishiri a maƙota, ita za ki yi wa haka? Ni ki bar ta tawa. Ita za ki fara tsiraitawa."

Ya ɗage labule ya fita abinsa.

Aina'u ta zauna a bakin jar katifar. Abin haushin shi ne, duk ƙaryarsa, wannan ɗin gaskiya ya faɗa. Daga waje tana jin ƙarar taɓarya, yayarta tana fitar mata da mai.

*

"Assalamu alaikum, masu gida!"

Malama Firdausi ce, jami'ar masu tallafin, yarinya 'yar birni mai fara'a, da hijabi ruwan toka da faffaɗar wayar aikinta a hannu. Ita ce ta yi rajistar wancan karon. Abokan aikinta maza suka tsaya a waje tare da Basiru.

"Masha Allah! Anti Aina'u, wannan gidan ne kuwa? Har da kwano a sama?"

"Alhamdu lillahi. Sannu da zuwa."

Ta shimfiɗa mata tabarma. Firdausi ba ta zauna ba, sai zagaye take tana ɗaukar hoto: jarkokin mai, tiren ƙuli, buhunan gyaɗa a jingine.

"Kin ga abin da muke gaya wa mutane ke nan. Ba mu ce ki sayi kaza ko ki yi kaza ba, kuɗin dai muka ba ki, ke kika san abin da ya dace da gidanki. Wa ya koya miki?"

"Yayata ce. Ga ta nan."

Firdausi ta rusuna.

"Ina wuni, Inna? Kamar na san fuskar nan."

"Kin shiga gidana wancan zuwan, 'yata. Har kika sha ruwa."

"Ƙwarai kuwa! Gidan da ke bayan masallaci. Inna, ai sunanki mutum uku suka kawo min yau, wai an tsallake ki. Har an ce gona za ki sayar."

Tani ta ɗan ɗaure fuska.

"Mutane dai ba sa rasa abin faɗa."

"Ki yi haƙuri, aikinmu ne. Bari in duba fom ɗinki."

Ta shiga latsa waya. Aina'u ta dafa bango.

"Ga shi nan. Tani, mijinta ya rasu, yara huɗu. Ai da kin shiga, abin da ya fitar da ke kaya ne. Awaki uku, katifa, buhun gero. Duk gidan da muka samu da waɗannan, sai ya koma bayan layi."

Taɓaryar ta tsaya.

"Awakin kuke ƙirgawa?"

"E, Inna. Da shimfiɗa da hatsi. Da haka muke gane wanda ya fi buƙata."

"Wanda kuka samu ba shi da su fa?"

"Shi ne a gaba. Kamar Anti Aina'u, ranar ko tabarmar kirki..."

Ba ta ƙarasa ba. A daidai lokacin ne uwar awakin ta ga dama ta yi kuka daga turke. Ja ce mai farin goshi, ƙahonta na hagu a karye tun tana 'yar ƙarama. Duk wanda ya gan ta sau ɗaya ya gan ta ke nan.

Firdausi ta dubi akuyar. Ta dubi wayarta. Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, ta sake duban akuyar.

"Ikon Allah."

Ta nuna wa Tani wayar.

"Inna, wannan ba ita ce a hoton gidanki ba?"

Fara'ar nan duk ta tafi. Ta gyara tsayuwa, muryarta ta koma ta aiki.

"Zan gaya muku gaskiya don kada ku ce ban faɗa ba. Kuɗin nan ba sharaɗi a kan yadda aka kashe su, amma rajista amana ce. In awakin na Inna ne, to fom ɗinta daidai yake, ba abin da zan iya gyarawa. In kuma na gidan nan ne aka kai can ranar rajista, zan sake rubuta Inna yau ɗin nan. Amma dole in kai rahoto, a tsayar da ragowar na Anti Aina'u, kuma maganar za ta je gaban mai unguwa."

Ta juya ga Tani.

"Awakin nan na waye?"

Aina'u ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Kalmar tana nan a kan harshenta, guda ɗaya tak, amma ta tsaya kamar ƙashin kifi. Ta hango Basiru tsugune gaban dattawa, ta hango jarkokin nan babu komai a ciki.

Tani ta dube ta. Kallo ɗaya, ba mai tsawo ba. Irin kallon da take mata tana yarinya in ta dawo daga rijiya da fasasshen tulu.

Sannan ta goge hannunta a zani.

"Nawa ne."

"Inna, ki tabbata."

"Na ce nawa ne. Kiwo na ba ta, don gidana ba katanga. Ko an hana mutum ba ƙanwarsa kiwo?"

"Katifar fa? Da geron?"

"'Yata, gero dai ci ake yi. Katifa kuma ɗaki ne ya faɗo mata."

Firdausi ta daɗe tana kallonsu su biyun. Ba yarinyar goye ba ce, ta san an ɓoye mata wani abu, amma ba ta da abin kamawa.

"Shi ke nan. Allah ya kawo wani rabon, Inna. Mu yanzu za mu wuce Tofa."

Ta yi sallama ta fita, ko ruwan ba ta sha ba.

*

Tsakar gidan ta yi tsit, sai man da ke ɗiga daga bakin turmi.

"Yaya..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da kika aiko min da kayan, kin sani?"

"Wallahi tallahi ban sani ba. Na rantse da..."

"Bar rantsuwa, na yarda. Ni na raine ki, na san fuskarki ta ranar. Shi fa?"

Aina'u ta sunkuyar da kai.

"To. Ke kuma yaushe kika sani?"

Aina'u ta shiga murza bakin zaninta.

"Da ke nake."

"Ranar da kuɗin farko suka shigo."

Tani ta ɗaga yatsunta masu maiƙo, tana naɗe su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Da ta zo na tara ta tsaya.

"Wata tara."

Aina'u ta zube a gabanta ta kama ƙafafunta.

"Na so in gaya miki, Yaya. Kullum sai in ce gobe."

"Wata tara ina shigowa gidan nan ina miki godiya. Kina amsawa."

"Ki yafe min."

"Rannan da na ce miki ɗana Muhammadu Sani ya kwana yana kukan yunwa, kika ƙara min tunkuza. Har na ce Allah ya yi miki albarka. Kin tuna?"

Ta tuna. Har da ludayin da ta ƙara ta tuna, da yadda ta ji sanyi a ranta wai ta yi abin kirki.

"Ki ɗauki jarin duka, Yaya. Ki ɗauki awakin, ai kin ce naki ne. Kada dai ki sayar da gonar."

"Na ce nawa ne don kada a tsugunar da uban 'ya'yanki a gaban gari. Ban ce don ina so ba."

"To don me za ki rufa min? Da kin bari an kama ni!"

"Don ni aka bar wa ke."

Muryarta ba ta ko girgiza ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ta zare ƙafafunta a hankali, ta je bakin randa ta wanke hannu da toka har sau biyu. Ta ɗauki mayafinta. Kwanon tunkuzarta yana nan inda aka saba ajiye mata, ta tsallake shi.

A bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kin rufa min rannan, na rufa miki yau. Kayan aro dai ba ya rufe katara, ni ce ban gane da wuri ba. Man nan ya kusa, ki ƙara ruwan zafi kaɗan kada ya kwanta. Daga jibi kuma ki nemi mai matsa miki."

Ta fita.

Aina'u tana nan durƙushe aka kira sallar azahar. Bayan azahar, haka Tani ta ce. Alhaji Mudassir kuwa ba a san shi da saɓa lokaci ba in dai ƙasa zai saya.

Can ƙofar mai unguwa ta ji an rufe ƙofar mota, an sake rufe wata.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta nufi turke, ta kwance jar akuyar, ta naɗe igiyar a hannu. Ba mayafi, ba takalmi, fuska duk hawaye da maiƙo. Akuyar na turjewa tana ja.

A zaure ta yi karo da Basiru. Ya ware hannuwa ya tare ƙofar.

"Ina za ki a haka?"

"Matsa min."

"Kin haukace? Maza ne cike a waje! An gama magana, Yaya da kanta ta kashe ta. Allah ya rufa mana asiri, ke kuma za ki..."

"Ba Allah ka bari ya rufa ba, Malam. Matsa."

"In kika taka waje, Aina'u..."

Injin motar ya tashi.

Shekara goma sha ɗaya tana gidan nan, ko mai tallan yadi bai taɓa jin muryarta daga zaure ba. Ta saman kafaɗar Basiru ta hango farar motar ta fara juyawa, ta hango dattawa a kan tabarma, ta hango bayan Tani can wajen masallaci tana tafiya ita kaɗai.

Ta cika ƙirjinta da iska.

"MALAMA FIRDAUSI! Ƙarya aka yi miki! Akuyar nan TAWA ce!"

Dattawa suka juyo gaba ɗaya.

Tani ta tsaya cak.

Aka kashe motar.